SHEKARA MA MAKARANTA CE: KARATU, SANA'A DA AIKIN GAYYA A KARAYE DA ROGO

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da ajin manya a ƙauye ya san wannan labari. A watan Janairu aji cike yake, har wasu suna leƙe ta taga. A watan Maris ma ana nan ana fama. Amma ranar da aka yi ruwan shuka, washegari malami zai zo ya tarar da benci da allo kawai. Sau da yawa mukan yi saurin cewa mutanenmu ba sa son ilmi. Wannan zargi ba daidai ba ne. Manomin da ya bar shuka ya zo ya zauna a aji ya jefa abincin iyalinsa na shekara guda cikin haɗari, kuma babu mai hankalin da zai yi haka. Kuskuren yana ga waɗanda suka tsara karatun ba tare da sun dubi sama ba.

A cikin wannan maƙala muna so mu bayyana yadda lokutan shekara, wato bazara da damina da kaka da rani, suke tsara rayuwar mutanen Karaye da Rogo, da kuma yadda cibiyar ilmi ta ƙaramin gari za ta bi wannan tsari ta ci riba. Za mu duba abubuwa uku a kowane lokaci: abin da halitta take nuna mana, sana'ar da ta dace da lokacin, da aikin da jama'a suke haɗuwa su yi.

Ƙasar da muke magana a kanta

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi ne guda biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano. Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina. A ƙidayar shekarar 2006 an sami mutum 141,407 a Karaye, da mutum 227,742 a Rogo. A shekarar 2024 gwamnatin jiha ta sake kafa Masarautar Karaye a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Yawancin jama'a manoma ne, kuma da yake ruwan sama ya fi sauka a nan bisa ga arewacin jihar, ana noma masara da dawa da gero da gyaɗa da wake da waken suya da auduga da barkono, ga kuma rake a fadamu.

Babban abin da ya sauya fuskar wannan ƙasa shi ne madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a shekarar 1992 a cikin ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Tsayinta mita 42 ne, tsawonta kuma ya kusa kilomita 8. Ruwan da ya fito daga cikinta yakan gangara ya haɗu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗeja, wanda yake bi ta Jihar Jigawa da Jihar Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Akwai kuma madatsar Kusalla, inda sansanin horar da matasa masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake.

Me muke nufi da cibiyar ilmi?

Ba lallai ne sai an gina babban bene ba. Ajin makarantar firamare bayan an tashi yara, zauren mai unguwa, ɗakin taro na coci, rumfar makarantar allo, ko inuwar darbejiya da allo ɗaya, duk suna iya zama cibiyar ilmi, muddin dai akwai mai koyarwa, da masu koyo, da lokacin da aka amince a haɗu.

Irin wannan karatu ba baƙo ba ne a wurinmu. A shekarun 1950 aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Arewacin Nijeriya, inda dattawa da yawa suka koyi karatun boko da Hausa. A shekarar 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, kafin gwamnatin tarayya ta kafa tata a 1990. A sansanin Kusalla kuwa, matasa daga kowace kusurwa ta Nijeriya sukan zo su yi mako uku, ana koya musu horo da zaman tare da wasu sana'o'in hannu. Amma waɗanda suka fi kowa fahimtar maganar lokaci su ne malaman tsangaya na dā. Sukan tashi da almajiransu bayan an kai amfanin gona gida, su yi karatu iyakar rani, da zarar hadari ya fara haɗuwa kuma su juyo gida domin noma. Ba su yi gardama da damina ba, shi ya sa karatunsu ya ɗore ɗaruruwan shekaru.

Bazara: lokacin shiri

Bazara takan kama daga watan Maris zuwa Mayu. Zafi yakan tsananta, rijiyoyi su ja baya, ciyawa ta ƙare, dabbobi su rame. Wanda bai lura ba sai ya ce babu abin da ke motsi, alhali kuwa itatuwa suna cikin aikinsu. Rimi yana fasa 'ya'yansa iska tana kwasar auduga. Ɗorawa da ta yi jan fure a ƙarshen ɗari ta fara nuna. Mangwaro ya cika kasuwa. Ita ɗorawa kaɗai ta isa darasin mako guda: garinta mai zaƙi ana sha, kalwarta ana dafawa a rufe ta ta ruɓa a yi daddawa, ɓawonta kuma ana jiƙawa a sami makuba, wadda ake shafe daɓe da katanga da ita domin su yi ƙarfi su jure ruwa.

Babbar baƙuwar bazara ita ce shamuwa. Takan zo daf da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, kuma mutanenmu ba sa taɓa ta. Masana tsuntsaye sun tabbatar cewa idan ta bar mu a ƙarshen damina, takan tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin nan ne ruwansu yake sauka. Wato ruwa take bi, domin abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwari. Ɗalibin da ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa, ya kuma rubuta ranar ruwan farko, shekara bayan shekara, ya fara binciken kimiyya ke nan ba tare da ya sayi komai ba sai littafi da fensir.

Ta fannin sana'a, bazara lokacin maƙera ne. Kowa yana neman fartanya da garma da gatari, maƙera ba ta hutawa daga safe har yamma. Lokaci ne kuma na baibayar ɗaki da yaɓen soro da gyaran indararo, tun kafin ruwa ya kama mutum ba shiri. Yaron da aka kai wurin maƙeri ko magini a wannan lokaci zai ga aiki da idonsa, kuma gani ya kori ji.

Akwai darussa biyu masu sauƙi da cibiya za ta koyar a bazara. Na farko shi ne gwajin iri. A ƙirga ƙwaya 100 daga irin da aka ajiye, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa har kwana biyar ko bakwai, sannan a ƙirga waɗanda suka tsira. Idan kaɗan ne suka fito, manomi ya sani tun da wuri, ya nemi wani iri kafin ranar shuka. Na biyu shi ne renon dashe. Idan aka shuka 'ya'yan itatuwa cikin ledoji a inuwa tun watan Maris ko Afrilu ana ba su ruwa, za su isa dasawa a tsakiyar damina.

Kada mu manta kuma cewa zafi da ƙura da cunkoso a ɗaki su ne abokan cutar sanƙarau. Iyayenmu ba su manta da annobar shekarar 1996 ba, wadda ta hallaka dubban mutane a Arewacin Nijeriya. Saboda haka taron faɗakarwa a kan allurar rigakafi da buɗe tagogi ya fi dacewa a yi shi tun kafin zafi ya kankama.

Damina: gona ce aji

Daga Yuni zuwa Satumba ba lokacin dogon zama a aji ba ne. Bayan shuka sai noman firi, bayan firi sai maimai, ga zuba taki, ga huɗa. Cibiya mai hikima takan rage haɗuwa zuwa sau ɗaya a mako, da yamma, ta kuma ɗauki darasin ta kai shi bakin gona. Sa'a kuma aka yi, dogon hutun makarantu yakan faɗo a cikin wannan lokaci, saboda haka mu ɗalibai muna gida, muna iya zama idanu da hannuwan cibiyar.

Abin koyo a damina ya fi ƙarfin lissafi, amma bari mu ɗauki uku. Na farko, gawo. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin ne yake kakkaɓe nasa, sai da rani ya yi kore shar. Amfanin wannan ga manomi babba ne. Ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar yana zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma dabbobi suna taruwa a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na gefe kyau. A kai yara su gwada tsawon kara a gindinsa da na nesa da shi, su da kansu za su faɗi amsa.

Na biyu, ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa yana da kyan gani, amma saiwarsa tana manne wa saiwar dawa ko masara tana tsotse abincinta tun yana ƙarƙashin ƙasa. Tushe ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana, waɗanda suke iya kwana cikin ƙasa shekaru da yawa suna jira. Don haka ake cewa a cire shi kafin ya yi 'ya'ya, a ƙara wa gona taki, a kuma riƙa sauya shuka da waken suya ko gyaɗa. Na uku, tsutsar nan mai cin zuciyar masara. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, kuma a shekarar 2016 aka fara ganinta a Nijeriya. Kakanninmu ba su san ta ba, saboda haka a nan dole ilmin gargajiya ya nemi taimakon malaman gona da masu bincike irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Damina ce kuma uwar aikin gayya. Mai gona yakan sanar da rana, a yi tuwo da fura, samari su fito da fartanyoyi, wani lokaci har da makaɗi yana zuga su, a gama cikin yini ɗaya aikin da zai ci mutum guda mako biyu. Ba a biyan lada, amma kowa ya san ranar tasa tana zuwa. A dā akan yi wa marar lafiya da gwauruwa da tsohon da ba shi da mataimaki gayya ba tare da sun roƙa ba. Yanzu aikin ƙodago ya rage wannan al'ada, amma cibiyar ilmi tana iya raya ta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran ayyukan jama'a na damina su ne dasa itatuwa a watan Yuli da Agusta lokacin da ƙasa ta sha ruwa sosai, da yashe magudanai, da cike kududdufan da sauro ke haihuwa a ciki. Tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a cikin damina a ƙasashe irin namu. Ɗalibin sakandare yana iya taimaka wa uwa ta gane yadda ake ba da maganin da ranar da za a sake. Har ila yau, yanzu ne ake samun saɓani tsakanin manoma da makiyaya idan an cinye burtali da shuka. Zama ɗaya a gaban mai gari kafin shuka ya fi shari'a goma bayan ɓarna.

Kaka: lissafi da godiya

Gero ne yake fara isowa ya kori yunwar tsakiyar damina, masara ta biyo, sai gyaɗa da wake, dawa kuma ta rufe a watan Nuwamba da Disamba. Shamuwa ta tafi, raɓa tana sauka da safe, ciyawa ta fara ja.

A ganinmu babu lokacin da ya fi kaka dacewa da koyar da lissafi, domin kowa yana da abin ƙirgawa. Dami nawa aka ɗaure? Tiya nawa dami ya ba da bayan sussuka? Idan buhu yana cin tiya 40, buhu nawa aka samu? Nawa aka kashe a taki da iri da ƙodago? Tiya nawa gida yake ci a mako, kuma buhu nawa za su kai iyali wata kakar? Dattijon da ya ƙi zama domin koyon ɗaya da ɗaya biyu, zai zauna har dare idan lissafin rumbunsa ake yi. Wannan lissafi kuwa shi ne yake raba mutum da babbar asarar da muke gani kowace shekara, wato a sayar da hatsi da arha a kaka saboda biki ko bashi, a dawo a saye shi da tsada a tsakiyar damina.

Darasi na biyu shi ne ajiya. Wake ba ya jimawa ƙwari suke huda shi, kuma zuba masa maganin ƙwari barkatai ya sha jawo ciwo har da rasa rai. Akwai buhu mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu na Afirka suka fito da shi, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga shekarar 2007. Idan wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda tam, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Nuna wannan a gaban jama'a, a ɗaure buhu a kaka a kwance shi bayan wata huɗu ko biyar, ya fi dogon jawabi.

Kaka ce kuma take tara wa masu sana'a kayan aikin rani. A yanki gamba domin zana, a tara kara domin danga, a jiƙa rama a fitar da zarenta domin igiya, a fafe duma a sami ƙwarya da ludayi da buta. Wanda ya bari aka cinna wa daji wuta kafin ya yi tanadi, ya rasa kayan aikinsa, dabbobi kuma sun rasa abinci. Saboda haka maganar ƙunar daji ma a nan ya kamata a yi ta.

Bayan wahala sai murna. Musulmi suna fitar da zakkar amfanin gona, Kirista suna kai nunan fari coci ranar bikin godiya, kowa dai yana tuna cewa ba ƙarfinsa kaɗai ya ba shi ba, kuma akwai maƙwabcin da bai samu ba. Lokacin ne na bukukuwan aure, da kokawa, da dambe, da kalankuwa a wuraren da ba a bar ta ba, da gaɗar 'yan mata a dandali idan farin wata ya fito. Waɗannan wasanni su ne makarantar kiɗa da waƙa da azanci ta ƙauye. Ya kamata cibiya ta ba su fili, ta tsabtace su daga abin da bai dace ba, maimakon ta bar su su mutu.

Rani: lokacin zama a aji

Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu hunturu yake busowa daga arewa maso gabas. Yawancin ƙurar da take rufe mana rana tana tasowa ne daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin dā gindin babban tafki ne. Aikin gona ya ƙare, rumbu yana da hatsi, hanyoyi sun bushe. Wannan shi ne lokacin da ajin manya zai cika. Idan aka buɗe shi da zarar an gama yankan dawa, ana da wata huɗu ko biyar kafin ruwan shuka, kuma wannan ya isa mai ƙwazo ya koyi karanta wasiƙa, da rubuta sunansa, da duba saƙo a waya, da karanta takardar asibiti.

Rani ne kuma kasuwar sana'ar hannu. Magina suna buga tubali domin rana za ta busar da shi. Masu ginin tukwane suna haƙo yumɓu, su gina, su shanya, su gasa. Mata suna saƙa faifai da tabarma da kaba, suna kaɗi, suna ɗinkin hula, suna soya man kaɗe da ƙuli-ƙuli. Majema suna jiƙa fata da bagaruwa, dukawa suna ɗinka ta. Masu rake suna matse shi su dafa ruwan har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Wanda yake son ganin rini na baba da toka yana iya zuwa marinar Ƙofar Mata a birnin Kano ko garin Kura. Kowace sana'a daga cikin waɗannan tana ɗauke da kimiyya a cikinta. Me ya sa tukunyar da ba ta bushe ba take fashewa a wuta? Me ya sa randa take sanyaya ruwa? Me ya sa zanen da aka tsamo daga karofi yake fitowa kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi? Malamin kimiyya da tsohon marini idan suka tsaya tare gaban ɗalibai, kowannensu zai ƙaru.

Madatsun ruwa sun ƙara wa rani wani aiki da kakanninmu ba su samu da yawa ba. A bakin ruwa da fadamu ana noman tumatir da albasa da attaruhu da sauran kayan lambu, masunta kuma suna kamun kifi. A nan ne kuma za a ga tsuntsayen ruwa iri-iri, har da waɗanda suke gudo sanyin Turai su yi rani a Afirka. Sai dai akwai gargaɗi biyu. Ruwan da yake kwance yana iya ɗauke da cutar tsargiya, wadda take shiga ta fata idan ana wanka ko wasa a ciki, saboda haka yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a ce alamar balaga ce. Na biyu, ruwan da muka tare a nan akwai manoma da masunta da makiyaya a fadamun Haɗeja da Nguru da suke jiransa. Sanin haka yana koya mana yin tattali.

Aikin gayya na rani shi ne gyaran hanya, da yashe rijiya, da gyaran ajin da iska ta yaye, da share maƙabarta. Da dare kuma, a gefen wuta, lokacin tatsuniya ne da kacici-kacici da karin magana. A nan ne yaro yake koyon jera magana da sauraro.

Akwai abu ɗaya da mai tsara shiri zai riƙa dubawa kowace shekara. Azumi da Salla da wasan tashe suna bin lissafin wata ne, saboda haka suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, su zagaya rani da damina. Kirsimeti kuwa kullum a cikin hunturu yake faɗowa. Tsarin da zai haɗa kan gari duka dole ya girmama lissafin biyu.

Abin da yake neman kuɓuce mana

Me ya sa muka damu da wannan magana? Dalili na farko shi ne masu ilmin suna tafiya. Tsohuwar da ta san ganye ashirin na miya da magani, da tsohon da yake duban hadari ya ce wannan na ruwa ne wannan na iska ne, ba su rubuta komai ba. Ranar da aka binne su an binne da abin da suka sani. Dalili na biyu, itatuwan ma suna tafiya. Ana sare ɗorawa da kaɗanya da marke domin itace da gawayi, alhali kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare ta cikin sa'a ɗaya ya cinye rabon 'ya'yansa. Dalili na uku, da an gama kaka samari suke tafiya ci-rani Kano da Kaduna da Abuja da Legas, wato a daidai lokacin da ya kamata su koyi karatu da sana'a. Ba mu ga laifin mai neman halaliyarsa ba, amma wanda ya tafi da sana'a a hannu da karatu a kai ba ɗaya yake da wanda ya tafi da ƙarfinsa kawai ba. Dalili na huɗu, damina kanta ba ta da tabbas. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Garin da yake da rubutaccen tarihin ruwansa na shekara ashirin ya fi sanin irin da zai shuka.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwanmu ɗalibai ba mai wuya ba ce. Kowa ya sami littafi guda ya raba shi huɗu: bazara, damina, kaka, rani. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, a auna zurfin ruwan da ya taru da rula bayan kowane ruwa, a rubuta. A rubuta ranar zuwan shamuwa da ranar tafiyarta, da farashin tiyar masara a kaka da kuma a watan Yuli. A kowane hutu a zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya, a tambaye su abu guda, a rubuta da Hausa yadda suka faɗa. A dasa itace ɗaya, a kuma yi masa shinge, domin dasawa ba wuya, reno ne aiki.

Ga malamanmu da iyayenmu da shugabannin jama'a, roƙonmu shi ne idan za a buɗe aji ko a kira taro, a fara tambayar manomi da matar gida wane lokaci ne suke da sarari. Ga waɗanda suke barin makaranta a bana kuma, muna tuna musu cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ilmin da kuka samu a nan akwai masu jiransa a garuruwanku, kuma rani mai zuwa ba shi da nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiya da juna. Amin.